Tarin da Ya Yanke

…kuma har yanzu Umma na zaune inda take. Tana kan bencin da ɗan nata ya ajiye a tsakiyar zauren baje kolin, hannu bisa gwiwa, kamar mai jiran ganin likita. Ga aikin nasa a gabanta: ƙafafun keken ɗinki tara, baƙin ƙarfe zalla, ba kai, ba tebur, a jere jikin farin bango. Ƙarƙashin kowace akwai 'yar lasifika. Takwas na telolin layinsu ne, layin da aka rushe. Ta tara ta Baba ce.

Shekara shida yana ƙasar mutane yana karatun fasaha, yana koyon ragewa. Rage, rage, sai abin da ya zama dole ya saura — haka malamarsa ke faɗa tana ƙwanƙwasa tebur da biro. To, ai ya rage. Ya rage kiran waya. Ya rage zuwa gida. Ranar da aka binne Baba yana saman tsani, wayar lantarki a baki, yana rataya lasifika a zauren wasu…

Ɗazu Kawu ya zagaya sau biyu, ya tambaya ko ɓarayi ne suka kwashe kawunan kekunan, ko kuwa Baturen gidan namu ne ya sayar ya yi kuɗin jirgi. Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Me zai yi?

Ga shi lasifikokin sun fara. Keke ɗaya, biyu, uku, har zauren ya cika da ƙara irin ta layin da safe — ƙamshin man keke, alli a bayan kunne, Baba na miƙo masa allura ya zura zare don idonsa ya fi — sannan su yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Saura ta tara.

Yaya ce ta ɗauko masa sautin da wayarta, a shekarar Baba ta ƙarshe. Me ya rubuta mata ma? Bai tambayi jikin Baba ba. Minti biyu, ki matso kusa da ƙafar keken, kar ki bari ya yi magana. Kar ki bari… Baba kuwa bai yi maganar ba. Tari kawai ya yi, sau uku, busasshe. Datti ne a cikin sauti, kowane ɗalibi ya sani. Ya zauna gaban kwamfuta ya yanke su tas, ya haɗe bakin. Sautin na asali fa? Ya share shi da kwamfutar ta cika. Wayar Yaya kuma tun bara ta faɗa ruwa.

Umma ta gyara mayafi. Ba shi take kallo ba, ƙarfen take kallo.

"Wannan ba shi ba ne."

Ya buɗe baki zai ce kekensa ne, wallahi nasa ne, Yaya shaida —

"Babanka bai taɓa kai ƙarshen ɗinki bai yi tari ba."

Ta miƙe a hankali, ta ce Allah ya yi albarka, irin wadda ake yi wa ɗan maƙwabta. Kawu ya riƙe mata ƙofa.

Sautin ya koma farko. Ɗaya, biyu, uku… Yana tsaye yana ƙirga. Daƙiƙa ta arba'in da ɗaya, nan ne wurin tarin farko. Ya kasa kunne, ko ɗan numfashi, ko jan iska kafin — babu. Sumul. Ko shi da ya yanke ba ya jin wurin haɗin. Aiki mafi tsabta da ya taɓa yi ke nan, kuma keken na ta tafiya, na ta tafiya, ba kowa a kai…