Hedifon Shagon Dogara

Sau huɗu aka kashe ni a rana ɗaya, duk ta baya, kuma duk sau huɗun sai da na faɗi sannan na ji takun wanda ya harbe ni.

Gem ne na harbi da muke bugawa a kwamfuta, mu huɗu a ƙungiya, duk ɗaliban jami'a a nan Kafanchan. Ni kaɗai ce mace. A wannan wasa kunne ya fi ido aiki: in ka ji taku ta hagu, ka juya kafin mai takun ya gan ka. Shi ya sa na kwashe abin da na samu a hutu, ina yankan citta a Nok har tafin hannuna ya yi kanta, na sayi hedifon marar waya a shagon Dogara, layin masu kayan waya a kasuwa.

Jason, kyaftin ɗinmu, ya kira ni bayan wasa na huɗu.

"Tamar, Asabar ne wasan share fage. In haka za ki ci gaba, Christopher zan sa a wurinki."

"Christopher da ke harbin bango?"

"Yana harbin bango, amma yana raye."

"Hedifon ne. Sautin yana makara."

"Wancan watan netwok ne, yanzu hedifon. Wata mai zuwa kujera ce."

Ban roƙe shi ba. Na zauna kwana biyu ina gwada abin. A waƙa ba shi da laifi, ganga tana dukan kunne har ka ji a haƙori. Batirinsa ya wuce yini guda, abin da ke da amfani a unguwarmu da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. Soson kunnensa ba ya matsa mini tabarau. Amma in na danna linzamin kwamfuta, bindiga ta yi wuta a allo, sai ƙarar ta biyo baya tana jan ƙafa. Na yi ƙoƙarin sabawa, ina juyawa tun kafin in ji komai, har wuyana ya ƙage. Aka ci gaba da kashe ni.

Ranar Alhamis na sa kwamfuta a jaka, na hau keke napep zuwa kasuwa.

"A'a, 'yar makaranta," in ji Dogara. "Yaya kaya? Orijinal ko ba orijinal ba?"

"Baba Dogara, abin nan yana makara."

Ya karɓa, ya haɗa da wayarsa ta bulutut, ya kunna waƙar zumuntar mata, ya ƙure ƙara. Ya ɗora a kai yana gyaɗa shi, ido a rufe. Sai ya cire ya ɗaga sama don maƙwabta su shaida.

"Kin ji? Daga nan har tashar jirgi za a ji wannan."

"Ba ƙara nake nema ba. Sautin ba ya zuwa a kan lokaci."

"Ɗiyata, waƙar ta fara daga farko, ga ta tana tafiya ƙarshe. Ina makarar?"

Na yi masa bayani sau uku, da Hausa, da Turanci, da hannu. Ya saurare ni da haƙuri irin na dattawan ikilisiya, sannan ya nuna mini takardar da ya manna a ƙofa, wadda ta ce kayan da ya fita ba ya dawowa.

Na ɗaga kai don kada in faɗi abin da Mama za ta ji labarinsa kafin Lahadi. A nan idona ya faɗa kan kwalayen. Dogara, kamar kowa a layin, ba ya ba mutum kwali. Ya zare kaya, ya sa maka a baƙar leda, kwalin kuma ya kafa shi a bango don shago ya yi kamar cike yake. Ga nawa can kusa da kwanon rufi. A gefensa an zana abin da ke ciki: hedifon, wayar caji, da wani ɗan baƙin abu kamar kan babban yatsa. An rubuta cewa shi ake sokawa a kwamfuta don wasa, bulutut na jin waƙa ne kawai.

"Sauko mini da kwalin can."

"Kwali ba na sayarwa ba ne. Fuskar shago ne."

"Sauko da shi, Baba, ko in hau tebur."

Ya dube ni, ya ga zan hau. Ya zunguro shi da sanda. A ciki akwai ɗan rami daidai girman abin, babu komai.

"Ina abin da ke nan?"

"Filash ɗin? Matacce ne. Na kai a sa mini waƙoƙi, mai kwamfuta ya ce ba ya karɓar komai. Taimakonki na yi, ban haɗa ki da mataccen kaya ba."

Na ajiye jakata a hankali.

"Ina ka jefar da shi?"

"Ni ba na jefar da kaya."

Ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. Na juye shi: tsoffin filash, maɓallai, ƙusoshi, da irin abin da nake nema har guda biyar.

"Irin hedifon nan guda nawa ka sayar?"

"Biyar. Kuma babu wanda ya dawo sai ke."

Kowanne da hedifon ɗinsa yake tafiya, don haka na buɗe kwamfuta a kan teburinsa ina sokawa ɗaya bayan ɗaya, masu dako suna buge mini kafaɗa. A na huɗu fitilar hedifon ta daina ƙiftawa. Na shiga gem. Na danna, ƙarar ta fito tare da wutar. Sai na ji taku a kan tsakuwa, ta baya, ɓangaren dama. Na juya na harbe shi kafin ya ɗaga bindiga.

Na ɗauki kwalin na sa a hammata.

"Za ki bar mini rami a bango," in ji Dogara.

"Ka cike shi da takardar neman mutum huɗun nan."

Ranar Asabar da rana na buga a ɗakina. Hedifon ba cikakke ba ne. In bam ya tashi, gangar nan tasa tana haɗiye taku na ɗan lokaci, kuma makirfon ɗinsa ba ya tace komai. Matan zumunta suna koyon waƙa a tsakar gidanmu, duk ƙungiya ta sha baiti uku da amshi. Amma ni ce ta ƙarshe da ta rage a raye a zagaye biyu, muka tsallake. Hedifon ya cancanci kuɗin cittata, in dai an ba ka duk abin da ke cikin kwalin.

Jason ya kira da yamma.

"To, kina nan a ƙungiya. Amma ki rufe taga."

"Ba za ka ce komai a kan hedifon ba?"

"Na ce ki rufe taga."

Satin da ya biyo baya ma a buɗe na bar ta.