Kwamfutar da Kaltum Ta Kyautar

Hashimu yana da aiki biyu. Na farko injiniya ne a wani kamfani a Baltimore ta Amurka, kullum sai ya hau jirgin ƙasa daga garin Laurel inda yake zaune. Na biyu na sa-kai ne, kuma shi ya fi riƙewa da hannu biyu.

A cikin kowace kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, masu sana'ar suna ce mata firosesa. A cikinta akwai wasu ƙananan umarni da ake kira maikurokod. Idan kamfanin da ya ƙera ta ya gano kuskure, sai ya fitar da gyara. To gyara ba ya tafiya da ƙafarsa. Sai wani ya karɓa, ya ƙunshe shi yadda manhaja za ta gane, ya ajiye inda kwamfutocin jama'a ke zuwa su ɗauka. A wata babbar manhaja ta kyauta daga dangin Linux, Hashimu ne ke wannan aiki, shi da abokinsa Abdussalam, mutumin Damagaram da ke zaune a Takoma Park.

Dokar Hashimu ɗaya ce: ba ya sakin gyara sai ya gwada shi a kan kowace kwamfuta da ya tara a ɗakin ƙasa na gidansa. Haka ya kamata a yi aiki. Mutanen yanzu so suke a ce sun gama, ba su damu da ko abin ya yi ba.

Wata Asabar da safe sabon gyara ya iso, na toshe wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi. Hashimu ya gwada shi a kan kwamfutocinsa ɗaya bayan ɗaya, duk suka tashi lafiya. Saura mafi tsufa, wata baƙa mai nauyin tsiya da yake kira Gwaggo. Ya je lungunta, sai ya tarar da shatin zamanta kawai a kan kafet.

Ya hau sama. Matarsa Kaltum, mai karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, tana guga.

"Maman Haula, ina Gwaggo?"

"Tana garin Clinton. Na ba Maman Sophia tun watan jiya, tasu ta lalace. Sai yau ka lura?"

"Ai ba a taɓa ta sai gyara ya zo."

"Shi ya sa na bayar. Abu na zaune yana cin wuri, ga mutane na bukata."

Kyautar ba laifi ba ce. Laifin Kaltum rashin tambaya, kuma ta san haka, don ba ta ɗago kai daga gugar ba.

Sai ga wayar Abdussalam, da ɗan Faransancinsa na mutanen Nijar. "Bon, Malam Hashimu, saki abin nan mana. Wa ke aiki da irin wannan tsohuwa a zamanin nan?"

"Kai da ka fito daga Damagaram kake tambayata? Leƙa shagunan buga takardu na garinku ka gani."

"Ka bar Damagaram ta huta, Bakano. Kafar nan a buɗe take, ɓarayi kuma ba sa jiran Gwaggonka. In la'asar ta yi ban ji daga gare ka ba, ni zan saki."

Shi ma yana da gaskiyarsa. Amma Hashimu ya san idan gyaran bai dace da irin ƙwaƙwalwar Gwaggo ba, duk mai irinta a duniya zai kunna kwamfutarsa gobe ta ƙi tashi, kuma yawancinsu ba su da wata.

A ranar ne kuwa ake liyafa a gidan da Gwaggo take. Chuwang da matarsa Lami, mutanen Jos, tsofaffin maƙwabtan su Hashimu ne, 'yarsu Sophia ce ta gama karatun aikin jinya. Tun mako guda Hashimu ya ce shi ba zai je ba, aiki ya yi masa yawa. Yanzu sai ga shi ya riga Kaltum sa takalmi, hula a karkace, filashi a aljihu.

"Kai da ka ce ba za ka ba?"

"Zumunci wajibi ne."

"Allah ya ba da ladan zumunci," in ji ta, ba ta ko yi murmushi ba.

Suka tarar da gidan a cike. An kafa rumfa a bayan gida, ga gwate a babbar tukunya, ga masa, ga nama yana gasuwa. A falo kuwa ga Gwaggo an goge ta tas, an haɗa ta da babban talabijin, tana nuna hotunan Sophia tun tana jaririya har ranar da ta sa hular gama makaranta.

Bayan gaisuwa, Hashimu ya ja maigidan gefe. "Oga Chuwang, ara mini kwamfutar nan kaɗan, wani ɗan abu zan duba."

"Haba Injiniya, ai taka ce. Baƙi na waje suna cin abinci."

Nan Hashimu ya yi kuskurensa. Bai ce abin da zai duba yana iya kwantar da ita ba. Wanda ya ari kayan mutum, ya faɗa masa gaskiyar abin da zai yi da shi, ko da kuwa da can kayan nasa ne.

Ya soka filashi, ya ɗora gyaran, ya kashe ta, ya kunna. Fanka ta yi ƙara. Talabijin ya yi baƙi ƙirin. Ya jira, ya ƙara jira. Ko harafi ɗaya bai fito ba.

Daɗi ya cika Hashimu har kunne. "Alhamdulillahi," ya ce.

Daidai nan Lami ta shigo, ta jawo fasto da manyan baƙi su ga hotuna, Sophia da Kaltum na biye.

"Baban Haula, ina hotunan?"

"Ta ƙi tashi, Maman Sophia," ya ce yana washe baki. "Kwata-kwata ta ƙi. Dama na faɗa wa Abdussalam."

Sophia ta faɗa da Turanci cewa hotunan kakarta da aka aiko daga Jos a ciki kawai suke.

Kaltum ta matso kusa da kunnensa. "Mayar da haƙoran nan ciki, Malam. Kai kaɗai kake biki."

Sai a lokacin ya ga fuskokin mutane. Ya cire hula, ya durƙusa gaban Gwaggo. Sa'arsa ɗaya, irin wannan gyara ba ya zama daram a ƙwaƙwalwa, duk tashi sai an sake ɗora shi. Ya kashe ta, ya kunna, kafin ta kai inda take maƙalewa ya rubuta mata umarnin ta tsallake gyaran. Fanka ta yi ƙara. Rubutu ya fara gudu. Can sai ga Sophia jaririya tsirara a cikin baho, tana tsala ihu, kakarta na riƙe da soso. Falon ya kece da dariya, fasto ya fi kowa. Sophia ta rufe fuska da tafin hannu.

Hashimu ya cire gyaran daga kwamfutar, ya ba Lami haƙuri a gaban kowa, sannan ya fita bakin mota ya kira Abdussalam. La'asar ba ta yi ba tukuna.

"Ware masu irin ƙwaƙwalwar Gwaggo, kada gyaran ya taɓa su. Saki wa saura yanzu. Ni zan sanar da kamfanin."

Abdussalam ya ce, "Da gaske ta ƙi?"

"A gaban fasto."

"Bon. Taurin kan Kanawa ya yi rana. Gaishe mini da tsohuwar."

Da za su tafi, Hashimu ya gwada sa'arsa, ya ce zai kawo wa Lami sabuwa ya ɗauki wannan.

"A'a," in ji Lami. "Kyauta aka ba ni, ba ta komawa. Duk ranar da gyaranka ya zo, ka bugo waya, ka zo nan ka gwada. Ka zo da Maman Haula, kuma ban da ranar biki." Ta miƙa masa kwanon gwate a rufe.

A hanyar Laurel ƙamshin gwaten ya cika motar. Kaltum ta gyara ɗankwali ta ce, "Akwai wata mata a ofishinmu, ita ma kwamfutar yaranta ta lalace. Na ga kana da wata fara a ƙarƙashin matakala."

Hashimu ya dubi hanya, ya dubi kwanon.

"Ta iya girki?" ya tambaya.