Ranar da Kafinta Ya Manta da Inna a Asibiti

Kafintan da ke da shago a ƙarshen layin masu walda mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ka kawo masa aikin gado, zai ce to. Ka kawo ƙofar da ruwa ya kumbura, zai ce to. Ko kujera mai ƙafa uku ka jawo ka ce gobe kake so, zai sosa ƙeya ya ce, "Bari mu gani," wanda a wurinsa to ɗin ce dai.

Ba wai ba shi da mataimaka ba. Akwai Dogo, wanda suka daɗe tare har furfura ta fara fito musu, akwai kuma mai fenti. Amma shi ke zuwa awo gidajen mutane, shi ke sayo katako, shi ke amsa waya da zarto a ɗaya hannun, shi ke kai kaya a tsohuwar motarsa. A gida kuma shi ne babba. Kai yara makaranta nasa ne, famfon gidan mahaifiyarsu in ya lalace nasa ne. Abincin rana a tsaye yake cinsa, in ya tuna. Ya kai har in wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi.

Wata safiya ya kai mahaifiyarsa, Inna, asibiti a duba mata ido. Ya zaunar da ita a benci, ya karɓo mata kati.

"Inna, bari in leƙa shago in dawo. Yanzun nan."

"Yanzunka ko yanzun mutane?" in ji ta.

Ya yi dariya ya fita. Yana isa shago ya tarar da wata mata tana jiran kabad ɗin kicin da ya yi mata alkawari tun makon jiya. Kafin ya gama ba ta haƙuri, injin yanka katako ya tsaya. Kafin a gyara injin, wani mai gidan abinci ya kira yana faɗa a kan tebura. Haka rana ta yi ta tafiya.

Rana ta karkata yana durƙushe yana ɗaura hannun durowa sai ƙanwarsa Auta ta kira.

"Yaya, me likita ya ce game da idon Inna? Na je gida ban same ta ba, ga wayarta ma a kan gado."

Sukudireba ta suɓuce daga hannunsa. Bai san lokacin da ya shiga mota ba. Duk hanya yana tuna abin da ma'aikaciyar jinya ta faɗa da safe, cewa za a ɗiga mata maganin da zai sa ta yini tana gani dishi-dishi. Tsohuwa, ba waya, ba gani, ga titi cike da motoci.

Ya tarar an rufe sashen ido, bencin ba kowa. Ya tambayi mai gadi.

"Wata tsohuwa mai baƙin tabarau? Mai ba da labari?" in ji mai gadin. "Zagaya baya, wajen masu shara."

Can ya same ta a inuwa, a kan kujerar roba, da kofin shayi a hannu, mata biyu masu shara sun sa ta a tsakiya suna ƙyaƙyata dariya. Ya durƙusa a gabanta.

"Ga shi nan," Inna ta ce wa matan. "Ban ce muku zai zo ba? Ba mugu ba ne, kansa ne ya yi masa yawa."

A mota ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta zare tabarau ta ƙura masa ido.

"Ko da wannan hazon da ke idona na ga ka rame. Yaushe rabonka da ka zauna ka ci abinci?"

Sai wayarsa ta fara ƙara. Ta miƙa hannu ta ɗauke ta, ta jefa cikin jakarta.

Washegari da safe ya ga Auta ta sauke Inna a ƙofar shago, da kujerarta da filas ɗin shayi. Inna ta zauna daga gefe inda garin katako ba ya kaiwa, ta ɗora wayarsa a cinya.

"Inna, wannan wurin ba na zamanki ba ne. Ƙara, ƙura…"

"Je ka yi aikinka. Ni ma aiki na zo."

Kira na farko, wani ne ke son gadon yara kafin ƙarshen mako.

"Mahaifiyarsa ce," in ji Inna. "Yana nan lafiya, amma hannunsa biyu ne, kuma duka suna riƙe da aikin wasu. In za ka jira wata mai zuwa, to. In ba za ka iya ba, akwai kafinta a bayan kasuwa, shi ma yana da iyali."

Kafinta ya dafe kai. "Inna, za ki kore min mutane!"

"In kore su su tafi ya fi ka tara su suna zaginka."

Mai gadon yaran ya kashe waya cikin fushi, bai kuma sake kira ba. Wannan ya tsaya wa kafinta a rai har yamma. Amma na biyu ya ce zai jira. Ta uku ma cewa ta yi, "Ai da tun farko haka ake faɗa min, da ban yi ta zarya ba."

Da aka kira a zo a auna tagogi, kafinta ya ɗauki tef ɗin awo zai fita. Inna ta kira Dogo.

"Kai, ba ka iya awo ba ne?"

Dogo ya kalli maigidansa, ya yi murmushi. "Na iya, Inna. Ba a taɓa aike na ba ne."

"To yau an aike ka."

Kafinta ya miƙa masa tef ɗin da makullin mota kamar ana cire masa haƙori. Da Dogo ya dawo, sai da kafinta ya faki ido ya ari wayar mai fenti ya kira mai gidan ya sake tambayar faɗin taga ɗaya. Daidai yake. Ya ji kunya kaɗan, ya kuma ji wani nauyi ya sauka daga wuyansa.

Sauran nauyin kuwa, Inna ta raba shi a gida, ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Asibiti ya koma hannun Auta. Famfo da wutar gidanta ta ɗora wa ƙaninsa, wanda ya yi gunaguni ya karɓa. Yara kuwa matarsa ta shirya da maƙwabciya, yau wannan ta kai, gobe waccan.

Ba komai ne ya gyaru ba. Injin bai daina tsayawa ba, kuma mai gidan abinci sai da ya sake yin faɗa kafin teburansa su isa. Amma aikin da ke shago ya zama wanda ido zai iya gani ya ƙirga. Kafinta ya koma goge katako a hankali, yana shafa shi da tafin hannu yana jin santsinsa, abin da ya manta yana jin daɗinsa.

Da idon Inna ya washe, ta miƙa masa wayarsa ta ce zaman shago ya ishe ta, ƙarar injin tana hana ta gyangyaɗi. Ranar ya rufe shago da sauran rana, ya tafi gida.

'Yarsa ce ta fara ganinsa. Ta ruga ciki tana kira, "Mama, Baba ya dawo! Ko ba shi da lafiya ne?"

Matarsa ta fito tana goge hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Aikin yau ne ya ƙare."

"Aiki yana ƙarewa ashe?" Ta koma ciki ta jawo wata kujerar cin abinci da ƙafarta ta daɗe tana rawa, ta ajiye a gabansa. "To tunda na samu kafinta, ga wannan. Na gaji da tokare ta da kwali."

Ya juya kujerar ya duba, ya sosa ƙeya, sannan ya ajiye ta gefe ya miƙe ƙafa a tabarma.

"Gobe," ya ce. "Yau ba na aiki."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta tafi ɗora masa shayi.