Hannun Justina a Tagar Mota

A kasuwar Zuba, in aka ambaci Obadiah mai a-kori-kura, cewa ake yi lemon mutum bai taɓa ruɓewa a hannunsa ba. In ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ce. Matan layinsu a Lugbe kuwa wata magana suke yi, amma ba a gabansa ba: wata biyar ke nan matarsa Justina tana tari, shi kuma kullum sai ya ce bari ya sauke wannan lodin tukuna.

Ranar Talata dai ya ɗauko ta za su asibiti. Sha biyu ake daina karɓar kati. A hanya ya ce su fara biyawa Zuba, buhu ashirin ne kacal. 

Ya zaunar da ita a benci, aka sauke lemo. Da ya dawo ya laluba aljihu, wayam. Ga makullin can yana lilo a gindin sitiyari, ƙofofi duk a kulle. Gilashin gefensa kaɗai ya bari a buɗe saboda zafi, faɗin yatsu huɗu.

Sale mai kankana ya kawo waya, suka lanƙwasa bakinta, suka yi ta fama. Sau uku tana kama maɓallin ƙofar tana zillewa.

"Oga, sha ɗaya ta wuce fa," in ji Sale. "A fasa gilashin nan kawai."

"A fasa? Ka san wahalar samun irinsa?"

"To sa hannunka mu gani, mai hannu kamar doya."

Aka yi dariya. Obadiah ya gwada, ko wuyan hannu bai wuce ba.

"Baban Clara, matsa."

Bai ji tasowar Justina ba. Ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta ɗaga dunduniya, ta zura hannu ta tagar. Ya shige. Wuyan hannu, gwiwar hannu, har damtse, ko gogar gilashin bai yi ba. Maɓallin ya yi ƙas.

Ba wanda ya yi tafi. Sale ya sunkuyar da kai yana miƙe wayarsa.

Obadiah ya tsaya yana kallon hannun. Da shi take ɗora masa buhun masara a ka lokacin suna ƙauye. Kullum a gado ɗaya suke kwana, kullum shi ke miƙo masa abinci, amma ya rasa ranar da ya yi masa kallon ƙarshe.

Ta zaro hannun, ta saki rigar, ta jingina da motar tana tari har sai da ta durƙusa.

"Mu tafi," ta ce, "ko za mu samu."

Ya kamo ta, sai ya ji ba nauyi. A gaban Sale da 'yan dako ya ce:

"Maman Clara, wata biyar ban dube ki ba. Ki yafe mini."