Maɓallin Motar Suruki

Da hantsi ne, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke amma gari bai washe ba. Uzairu rewaya, mai gyaran wutar mota, yana durƙushe a ƙofar motar surukinsa, kansa a ƙarƙashin sitiyari. Motar ta sake dawowa gareji a kan abu ɗaya: maɓallin nan da in ka danna a doguwar hanya, mota take riƙe gudunta da kanta, ka ɗage ƙafa daga totur ka huta. Alhaji Isyaku ya ce in ya danna yana kamawa, jim kaɗan kuma sai ya saki.

Uzairu ya duba fis, lafiya lau. Ya ɗora mita a wayoyin, wuta na zuwa. Maɓallin ma sabo ne, shi da hannunsa ya canja shi wancan makon. Har ɗan makunnin da ke bayan birki, wanda yake kashe abin da zarar an taka, ya cire ya gwada ya mayar.

Alu mai faci ya leƙo, ya yi ƙasa da murya, amma ba yadda Alhaji ba zai ji ba. “Ango, an ba ka ’ya sukutum da guda, kai maɓalli ɗaya ya gagare ka?”

Uzairu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fito ya tsuguna gefen bencin da Alhaji yake zaune, yana murza tsumma.

“Baba, ni in na hau ta, tana riƙewa.”

“To ƙarya nake yi ke nan?”

“A’a, Baba, wane ni.”

“Shigo ka gani da idonka. Ni zan ja.”

Tunda ya auri Rukayya bai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da mahaifinta ba. Ya nufi ƙofar baya, Alhaji ya ce da shi daga can me zai gani? Ya dawo gaba ya takure a jikin ƙofa. Suka fita daga Rano suka kama hanyar Kibiya, dawa ta yi kore shar hagu da dama.

Ba a kallon suruki a fuska, don haka Uzairu ya sunkuyar da kai. Alhaji ya danna, mota ta riƙe. Ya ɗage ƙafar dama daga totur, ya ajiye ta gefe. Sai dai ba a ƙasa ta sauka ba, gefenta a kan birki ya kwanta. Da suka faɗa wani ɗan rami ƙafar ta ɗan nutsa, gudun ya saki.

“Ka gani ko?” in ji Alhaji.

Uzairu ya gani. Ya ga idon sawun a kumbure, ya ga takalmin ya zame rabi, mai shi kuwa bai sani ba. Alhaji ya sake dannawa, aka sake yin haka. Gaba kaɗan wata akuya ta gifta, ƙafar ta yi ta lalube kafin ta taka da ƙarfi. Motar ta tsaya daf da akuyar.

Uzairu ya shiga auna maganar a ransa. In ya yi shiru, jibi Alhaji zai kama hanyar Kano da wannan ƙafar, cikin tireloli. In ya faɗa, ya tona asirin mutumin da ko sunansa ba ya iya kira.

“Baba,” ya ce da ƙyar, idonsa na ƙasa, “maɓallin lafiyarsa ƙalau. Birki ake taɓawa.”

“Wa yake taɓawa?”

Alhaji ya bi inda idon yaron yake kallo, ya daɗe yana duban ƙafar kamar ta wani ce.

“Tun bayan sallah ba na jin ta sosai,” ya ce a hankali. “Shi ya sa na dame ka da abin nan. In yayyen Rukayya suka ji, mukullin za su karɓe, su ajiye ni a zaure.”

“Ni ba zan kai musu ba, Baba. Amma ba zan ce na gyara ba. Jibi ba ni da aiki, in kai ka Kano, mu biya asibiti.”

“Kai da gareji cike da motoci?”

“Za su jira.”

Alhaji ya buɗe ƙofa, ya zagayo yana dafa mota. Uzairu ya fito da sauri ya ba shi kujera, shi ya koma bayan sitiyari.

A ƙofar gida Alhaji ya zuro ƙafafu waje, ta dama ba takalmi, yana shirin taka taɓo. Uzairu ya laluba ƙarƙashin birki ya ɗauko, ya zagaya, ya durƙusa ya ajiye shi daidai ƙafar, ya kawar da kai. Alhaji ya zura, ya miƙe, ya shige zaure bai waiwayo ba.