Kafin a Duba Idon Direba

Direba ya toge a bakin ɗakin gwajin ido, ya ce shi fa ba zai shiga ba. Kamfanin bas ɗin da yake wa aiki ya sanar cewa duk wanda ya faɗi gwajin sai ya ajiye makulli, shi kuwa tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai sitiyari. Tsoro ne fal cikinsa, amma sai ya fake da kimiyya.

Ya dubi autarsa, ɗalibar jami'a. "Auta, kwamfutar kwantam ɗin nan da kuke karantawa, na ji a rediyo ana gardama wai za ta iya ganin gobe. Ki tambayar min ita, zan ci ko zan faɗi? In faɗuwa ce, mu koma gida da mutuncinmu."

"Baba, gaibu sai Allah. Lissafi kawai take yi. Abin da ke cikinta ma, kafin a duba, yana iya zama e da a'a lokaci guda."

Nan take fuskarsa ta washe. "Kafin a duba? Ashe ni yanzu na ci kuma na faɗi! To uban me zai sa in bari a duba? Ku tashi mu tafi."

Matarsa, da ke zaune a benci rungume da jaka, ko motsi ba ta yi ba. "Malam, zauna. Ni ba ni da kwantam, amma jiya ina kallo ka yi wa durom ɗin ruwa sallama, har ka tsaya jiran amsa."

"Na ɗauka maƙwabcinmu ne."

"Har da cewa ya yi ƙiba." Ta sassauta murya. "Auta ma fa a bas ɗinka take zuwa makaranta."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Ya juya ga Auta, ga ta kusa, amma da launin gyalenta kaɗai ya gane ta.

Nas ta leƙo ta kira na gaba. Direba ya zaro makullin bas ya danƙa wa matarsa. "Riƙe min."

Ya gyara hula, ya taka da ƙasaita, ya buɗe ƙofar ɗakin ajiye tsintsiya. Auta ta kamo hannunsa a hankali.

"Nan ne, Baba."