Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Sau huɗu ana ɗora babban yatsan Hajiya Iyatu a kan na'ura, sau huɗu jar fitila tana kamawa. Surfe da wanki na shekara hamsin sun cinye zanen yatsan, ɗan abin da ya rage kuma lalle ya rufe shi baƙi ƙirin.

Ɗanta, Barista Isiyaku, yana tsaye a gefe da fasfonta a hannu, gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin ɗakin. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana aiki a wani ofishin lauyoyi a unguwar Malaz, a ƙasar Larabawa, yana fitar da direbobi da magina daga rikicin iƙama, takardar zaman ƙasa. Ya san motar da ke tsaye a waje: da an yi la'asar za ta kwashe duk wanda ba a tantance ba zuwa inda ake tsare masu jiran kora. A irin wurin nan mahaifinsa ya shafe wata goma sha huɗu saboda kuskuren suna a takarda, ya koma Gusau da tarin da ya zama ajalinsa. Abin da ya kai Isiyaku karatun lauya ke nan.

Yau kuma ga uwarsa. Mako biyu da zuwanta ziyara, ta bi maƙwabciya barkar haihuwa a unguwar Jaradiya, ta bar fasfo a ƙarƙashin filo, wai kada ya ɓata. A hanya 'yan sanda suka tare motarsu, aka kawo ta nan ofishin tantancewa.

"Ya Ustaz, na san ka," in ji jami'in da ke tantance ta, da Larabci. "Amma makon jiya wani ya kawo fasfon wata tsohuwa ya fita da wata daban. Ta faɗi sunan wanda ya gayyato ta, yadda yake a takarda. Kai ka fassara mata. In na ji sunan ya fito daga bakinka, magana ta ƙare."

Isiyaku ya dubi uwarsa. Shi ne ɗan fari, ga shi sunan surukinta aka sa masa. Shekara arba'in da uku, ko da wasa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Inna, sunana yake so ki faɗa."

"Ba ga ka nan tsaye ba? Kai ba ka da baki ne?"

"Daga bakinki yake so ya ji."

Ta kau da kai. "Mai sunan Malam," ta ce.

Jami'in ya dubi takarda, ya girgiza kai. Isiyaku ya shiga bayani, ya kwaso duk Larabcin da yake cin shari'a da shi, amma yau harshen sai harɗewa yake. Ta ina za ka fahimtar da Balarabe alkunya?

"Akwai uwar da ta kasa faɗin sunan ɗanta?" in ji jami'in, yana rufe fasfon.

Aka soma kiran la'asar. A waje direba ya tayar da mota.

Isiyaku ya durƙusa a gabanta, da kwat ɗinsa da komai. "Inna, inda aka kai Baba za a kai ki. Na fitar da mutane sun fi ɗari, amma in kika shiga motar nan ban san ranar da zan fito da ke ba. Wallahi tsoro nake ji. Ki dubi Allah."

Ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗa a hankali.

"Isiyaku."

"Ban ji ba," in ji jami'in.

Ta runtse ido, ta sake faɗa. Jami'in ya buga hatimi, ya miƙo fasfo.

A mota ta juya fuska ga gilashi. Tun yana ƙarami yake zaton ranar da ya ji sunan nan a bakinta zai yi murna. Kunya ce ta kama shi, kamar ya cire mata ɗankwali a kasuwa. Sai da suka wuce unguwar Nasiriya ta yi magana.

"Kai."

"Na'am, Inna."

"Ba ka ji komai ba."

"Ban ji ba, Inna."

Ya miƙa hannu zai kunna rediyo, sai ya fasa.